Fina-finan Tarihin Rayuwar Matan da Suka Sauya Jinsi

Waɗannan fina-finai ne da ke ba da labarin mutanen da aka haifa maza, daga baya suka rayu a matsayin mata. Cikin na farko akwai The Christine Jorgensen Story na 1970, game da Ba'amurkiyar da aka yi wa tiyata a Denmark a 1952. Wanda ya fi shahara shi ne The Danish Girl na 2015, wanda Tom Hooper ya ba da umarni, Eddie Redmayne kuma ya fito a matsayin Lili Elbe, mai zane 'yar Denmark da ta rasu a Dresden ta ƙasar Jamus a 1931.

Babban raunin irin waɗannan fina-finai shi ne sukan gyara tarihi don ya taɓa zuciyar mai kallo. An gina The Danish Girl a kan ƙagaggen labarin David Ebershoff na 2000, kuma ya nuna Gerda Wegener, abokiyar auren Lili, a gefenta lokacin da Lili ta rasu, alhali an warware aurensu tun 1930. Masu kare fim ɗin kan ce wasan kwaikwayo yana da 'yancin ƙirƙira. Gaskiya ne, amma duk fim ɗin da ya ɗauki sunan mutumin da ya taɓa rayuwa ya ɗauki amana, domin yawancin masu kallo daga gare shi kaɗai za su san mutumin. Saboda haka, wanda ke neman ainihin tarihin Lili Elbe ya kamata ya haɗa da rubutattun bayanai.