Asalin Bintu Sudan

'Yan'uwana mata, wannan turare da kuke wa kallon na tsofaffi, kun san asalinsa kuwa? A shekarar 1920 wani Bature, Eric Burgess na kamfanin W.J. Bush da ke Landan, ya fito da shi don kasuwar Sudan. Da yake na mai ne, babu giya ciki, sai Musulmi suka rungume shi. Alhazan da ke ratsa Sudan ta ƙasa suka riƙa zuwa da shi tsaraba, har ya samu gurbi a lefe. Daga baya a Kano ma aka shiga haɗa shi.

To ke uwargida, kafin gwajin turarukan kanti ya cinye kuɗin cefane, ɗiga shi a humrarki ki ji. Kakarki ba zaɓen tumun dare ta yi ba.