Tashar Lantarki ta Kurra da Kamfanin NESCO

Tashar Kurra tana cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, kuma tana daga cikin tsofaffin tashoshin da ke samar da wutar lantarki da ƙarfin ruwa a Nijeriya. Haƙar kuza ce ta haife ta. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila sun cika tsaunukan Jos suna haƙar kuza, injinansu na buƙatar wuta mai yawa, ga gawayin kwal da nisa, ga itace ya yi ƙaranci. Sai suka lura da yadda koguna ke gangarowa da ƙarfi daga bakin tsaunuka. An fara gwada samar da wuta da ƙarfin wannan ruwa a Kwall cikin shekarun 1920, sannan a 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya gina tashar Kurra, hedikwatarsa kuma tana Bukuru.

Yadda tashar ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana tare ruwan damina a madatsai, a sako shi ta manyan bututu zuwa ƙasan tsauni, ƙarfin faɗowarsa ya juya injin, injin ya haifar da wuta. Babbar matsalar ita ce rani, lokacin da koguna ke janyewa, shi ya sa madatsan suka zama ƙashin bayan aikin. Kurra tana iya ba da kimanin megawat 8. Daga baya kamfanin ya ƙara wasu ƙananan tashoshi, irin su Jekko da Ankwil.

Idan aka ajiye megawat 8 na Kurra kusa da megawat 760 na madatsar Kainji, ƙanƙani ne ƙwarai, amma darajar Kurra tana ga ɗorewarta. Lokacin da gwamnati ta tattara harkar wuta a hannun hukumar ECN a farkon shekarun 1950, sannan NEPA a 1972, NESCO ya ci gaba da zama kamfani mai zaman kansa. Ko da kasuwar kuza ta duniya ta durƙushe a 1985, tashar ba ta mutu tare da ma'adinan da aka gina ta dominsu ba. Gidaje da masana'antu a Bukuru da kewaye, har zuwa wasu garuruwan kudancin Kaduna, su suka zama masu sayen wutarta, kuma mutanen yankin sun daɗe suna yabon wutar NESCO saboda ba ta yawan ɗaukewa.