Ƙanzo, Huhun Raƙumi da Cikin Kwikwiyo: Tarihin Abincin Kare a Karkarar Kano

Idan kana zaune a ɗaya daga cikin ƙauyukan da suka jeru daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, ko daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa, wata rana yaronka zai shigo gida rungume da kwikwiyo, kuma tambayar farko ita ce me za a ba shi ya ci. A da amsar tana gindin murhu. Yau kuwa tana iya fitowa daga waya, inda masu kiwon karnukan ƙasashen waje ke yaɗa cewa ɗanyen nama da ɗanyen ƙashi su ne abincin kare na asali, tunda kakansa kyarkeci ne. Kafin ka aiki yaro wurin mahauci ya roƙo abin da aka zubar, yana da kyau ka san yadda karen wannan ƙasa ya rayu, domin abin da ya shiga cikin kwikwiyo ba a cikinsa yake tsayawa ba. Yana fitowa tsakar gida, inda 'ya'yanka ke rarrafe.

Kare tsohon mazauni ne a ƙasar Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, ya ambaci baƙin kare cikin abubuwan da mutanen zamanin Barbushe ke kaiwa wurin tsafinsu a kusa da Dala. Bayan Musulunci ya kafu, malaman Malikiyya sun karantar da halaccin riƙon kare domin farauta da tsaron gona da na dabbobi, kuma a kan wannan aka zauna: kare na ƙofar gida ne da bayan danga, ba na ɗaki ba. Abincinsa kuwa abin da ya saura ne. Ƙanzon tukunya, guntun tuwon da ya kwana, ruwan wankin gero, dusa, wani lokaci ɗan nono idan gidan na da shanu. Talakan da shi kansa sai ranar kasuwa ko ranar salla yake ganin nama a miyarsa, ina zai samo wanda zai jefa wa kare kullum?

Yanayin ƙasar ma bai bar wa kare wata hanya ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka shiga noman gyaɗa gadan-gadan, saura da fako suka riƙa komawa gona. Lokacin da Michael Mortimore da abokin aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa bincikensu kan wannan yanki a 1965, sun bayyana ƙasar da kusan kowace taƙi ake nomawa duk shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfinta da takin gida da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. A irin wannan wuri babu dajin da kare zai shiga ya ciyar da kansa. Zomo da gafiya da kurege sun zama abin da ake fita nema da rani, a gayya, sau da yawa a nesa da gida. Saboda haka karen karkarar Kano ya tashi ne a kan dafaffen hatsi, ɗanyen nama kuwa tsautsayin sa'a ne. Ilimin zamani bai saɓa wa wannan ba. A 2013 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa kare ya fi kyarkeci yawan ƙwayoyin gadon da ke narkar da sitaci nesa ba kusa ba, alamar cewa dubban shekaru ya yi yana cin abin da manoma ke ci.

Kada ka ɗauka wannan yabo ne ga ƙanzo. Tuwo zalla ba ya gina jikin kwikwiyo, kuma kowa ya san yadda karya ke haifar shida ko bakwai a wayi gari biyu ne suka kai shekara. Sai dai babu wanda ya damu ya bincika dalili. Ma'aikatar dabbobin da Turawa suka kafa a Zariya, wadda ta koma Vom a 1924, an gina ta ne domin shanu, saboda annobar bushiya da jangali da cinikin fata. Kare bai shiga lissafinta ba sai ta ƙofar hauka, kuma tun shekarun 1950 ake haɗa allurar rigakafin haukan kare a Vom. Cizon kare ya samu hukuma, zawon kwikwiyo bai samu ba.

Ita wannan ɗabi'a ta ɗanyen nama kuwa martani ce ga wani tarihin da ba namu ba. Wajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka a Landan, daga nan abincin kare na kamfani ya mamaye Turai da Amurka. A 1993 wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya, Ian Billinghurst, ya fitar da littafi yana kira a bar abincin buhu a koma ɗanyen ƙashi da nama. Masu bin sa suna sayen naman da aka duba a mayanka, suna da firjin da wuta ba ta yankewa, duk da haka manyan ƙungiyoyin likitocin dabbobi na can suna gargaɗi a kan ƙwayoyin salmonela da ire-irensu, waɗanda kare ke iya fitarwa a kashinsa ko da shi bai nuna ciwo ba. To yaya naman da ya wuni a faifai cikin zafin Afrilu? A wurinmu ɗanyen da ke isa bakin kare ba tsoka ba ce. Shi ne abin da mahauci ya ƙi sayarwa: huhun da ya yi ƙulli, hantar da ta yi ƙurji, ɗan tayi, mushen kaza.

A nan ne maganar ta zama ta lafiyar iyalinka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata ya ga wata jaka mai ruwa garai-garai da ake tararwa a huhu ko hantar dabba, mahauci ya yanke ta ya wurgar, kare ya cafe. Wannan jaka gidan 'ya'yan wata tsila ce ƙarama ƙwarai, wadda tsawonta bai wuce milimita 7 ba. Tun farkon shekarun 1850 wani masani Bajamushe, Carl von Siebold, ya ciyar da karnuka irin wannan jaka ya ga tsutsar ta girma a hanjinsu. Cikin mako 6 zuwa 7 kare zai fara zubar da ƙwai a kashinsa, alhali yana wasa yana cin abinci kamar ba komai. Ƙwan yakan maƙale a gashinsa, ya shiga juji, ya bi taki zuwa fadama inda ake shuka latas da kabeji. Akuya ta ci a ciyawa, yaro ya ci a hannunsa. A jikin mutum ƙwan yana zama irin waccan jakar, galibi a hanta, sai kuma huhu, tana girma a hankali shekara da shekaru kafin ta bayyana da ciwon gefen ciki na dama, ko tari mai naci, ko ta fashe farat ɗaya. Likitoci na kiran cutar haidatid, maganinta kuma tiyata ne ko zuƙe ruwan da allura, tare da shan albendazol na tsawon lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke ɗauke da wannan dangin cuta a kowane lokaci. Ka lura da abu guda: mutum ba ya kamuwa don ya ci naman. Sai jakar ta bi ta cikin kare tukuna.

Ba labarin wata nahiya ba ne. A ƙarshen shekarun 1970 B. J. O. Dada da abokan aikinsa na tsangayar likitancin dabbobi ta Zariya sun bi mayankan arewa, har da na Kano, suka tarar da wannan jaka a tumaki da awaki da shanu, raƙuma kuwa suka fi kowa, sannan suka samu tsutsar kanta a hanjin wasu karnukan da ke yawo. Har yau ana yanka raƙuma a Kano, ana kawo su daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'adua. Abin da ke ɗan rufa mana asiri shi ne rana, domin zafi da bushewa suna kashe ƙwan da wuri. Amma a laimar damina, da gindin randa, da ƙasar fadama, yana iya daɗewa.

Akwai ƙasar da ta fita daga wannan masifa tun kafin a samu maganin tsutsar. A tsibirin Aisland da ke arewacin Turai, inda makiyaya ke kwana kusa da karnukansu suna jefa musu kayan cikin tumaki, cutar ta zama ruwan dare a ƙarni na 19. Wani masani daga Denmak, Harald Krabbe, ya je can a 1863, ya buɗe cikin karnuka 100 ya samu tsutsar a 28. A 1864 aka buga ɗan littafinsa da harshen mutanen aka raba gida-gida. Dokoki da harajin kare sun biyo baya, amma abin da ya fi aiki shi ne manomi ya gane cewa hannunsa ne ke miƙa wa kare cutar. Niyu Zilan ta bi irin wannan hanya, ta ƙara da maganin firazikwantel da ya fito a tsakiyar shekarun 1970, ta kuma ayyana kuɓutarta a 2002.

Shi kwikwiyon fa? Yana zuwa duniya da nasa nauyin. Macijin ciki irin na kare yana ratsa mahaifa ya shiga jikinsa tun kafin haihuwa, shi ya sa kake ganin ɗan mako huɗu da ƙaton ciki da busasshen gashi. Ƙwan wannan tsutsa yana nuna a ƙasa cikin 'yan makonni, kuma yaro mai cin ƙasa na iya haɗiye shi, tsutsar ta yi yawo a hantarsa, wani lokaci har ido. Don haka ake fara ba kwikwiyo maganin tsutsa yana ɗan mako 2, a maimaita duk bayan mako biyu har ya kai kamar wata uku. Wannan magani na yau da kullum ba ya kashe tsila. Ita sai firazikwantel, kuma malamin dabbobi ne zai auna shi da nauyin karen.

Sannan a 1978 wata sabuwar cuta ta ɓulla a karnukan duniya, cikin shekara biyu ta zagaye nahiyoyi. Ita ce ake kira fabo. Tana kama hanjin kwikwiyo, ya yi ta amai da zawo mai jini da ɗoyi, ya mutu cikin kwana biyu ko uku idan ba a ƙara masa ruwa ba. Tsofaffin mafarautan da suka ce a zamaninsu ba su san irin wannan mutuwa ba gaskiya suka faɗa, kuma shi ya sa jiƙe-jiƙen da suka gada ba sa jin ta. Karen bana, in ji Hausawa, shi ke maganin zomon bana. Rigakafinta allura ce da ake farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har mako 16, a haɗa da ta hauka a wata uku. Ba ta kama mutum, amma tana zama a ƙasar gida wata da watanni, don haka kada a kawo sabon kwikwiyo inda wani ya mutu da ita kwanan nan.

Abin da za ka ba shi bai wuce ƙarfin gidanka ba. Kada a raba shi da uwa kafin mako 6, takwas ma ya fi. A ba shi abinci sau huɗu a rana, kaɗan-kaɗan: tuwo mai laushi ko kunu, a haɗa da dafaffen ƙwai, ko kifin da aka cire wa ƙaya, ko nama da kayan ciki masu lafiya da aka tafasa aƙalla rabin awa. Ban da yaji, ban da albasa, domin albasa tana fasa ƙwayoyin jininsa. Nama zalla, ɗanye ko dafaffe, ba shi da sinadarin da ke gina ƙashi, kwikwiyon da aka tsare a kansa ƙafafunsa lanƙwashewa suke yi. Ɗanyar madarar shanu da yawa tana sa shi zawo, haka ma sauya abinci rana ɗaya, saboda haka a riƙa cakuɗa sabo da tsoho har mako guda.

Idan zawon ya zo amma yana wasa yana shan ruwa, kada ka hana shi abinci kamar yadda ake yi wa babban kare, domin sukarin jinin ɗan ƙarami saurin faɗuwa yake. Ka ba shi farar shinkafa mai ruwa-ruwa da ɗan dafaffen naman kaza ba mai, ka ajiye masa ruwa mai tsabta, kana iya ɗiga masa ruwan gishiri da sukari irin na yara a hankali. Kada ka ba shi farasitamol ko ibufurofen ko ragowar maganin wani. In ka ga jini, ko amai a kai a kai, ko ya ƙi abinci ya kwanta, ko dadashinsa ya yi fari, ko zawon ya wuce kwana ɗaya, a ranar za ka nemi asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarku. Kashin kuwa babba ne zai kwashe shi kullum, a binne, ba a juji ba, a wanke hannu da sabulu, a hana masu rarrafe zuwa wurin har ya warke.

Ranar da ta fi kowace haɗari a shekara ita ce Babbar Salla, lokacin da kowane gida ke zama mayanka ba tare da mai duba nama ba. Idan mai fiɗa ya ci karo da jakar ruwa a huhu ko hantar ragonka, a ɗaure kare, a ƙone wannan sashe ko a binne shi da zurfin da ba za a tone ba. In kuma wani a gidan ya daɗe da ciwon gefen ciki ko tarin da aka gwada ba tarin fuka ba ne, ka gaya wa likita cewa kuna da karnuka kuma ana yanka a gida, domin hoton ciki ko na ƙirji yana nuna jakar idan an san ana nemanta.