Barikin Faransawa na Damagaram da Tarihin Zango

Duk ɗan Zango da ya shiga birnin Zindar zai hangi wani tsohon barikin soja a kan tudun duwatsu, yana kallon fadar Sarkin Damagaram. Da muka ziyarci wurin, mun tarar ashe wani ɓangare na tarihin garinmu yana can.

Bayan da Malam Isiyaku ya ci Daura a 1805, lokacin jihadi, Sarki Abdu ya fita da jama'arsa. Danginsa ne suka zauna a Zango wajen 1825, kuma daga baya garin ya koma ƙarƙashin inuwar Damagaram, wadda ta yi ƙarfi ainun a zamanin Sarki Tanimun, mai ganuwa da igwa. Ke nan duk abin da ya girgiza Zindar, sai an ji shi a Zango.

A 1898 wani hafsan Faransa mai suna Kazamaju ya iso Zindar, aka kashe shi a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 Faransawa suka dawo ramuwa, suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka kashe Sarkin, sannan suka gina wannan bariki suka sa masa sunan hafsan nasu. Bayan Nijar ta sami 'yancin kai aka sauya masa suna zuwa na Tanimun.

Faɗuwar Damagaram ce ta sauya makomarmu. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka, Zango ta faɗo ɓangaren Nijeriya, kuma Turawan Ingila suka mayar da Sarkin Zango, Malam Musa, kan gadon sarautar Daura. Zuriyarsa ce ke riƙe da masarautar har yau.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne, mutanen Damagaram ba su rushe ginin da aka yi domin danne su ba, sun bar shi ya zama shaida. Mu kuwa 'ya'yanmu da ke tasowa a Kano, Kaduna da Abuja, nawa ne suka san garinsu ya riƙe sarautar Daura shekaru masu yawa? Dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanni suna ƙarewa. Muna kira ga ƙungiyarmu da ta naɗi muryoyinsu, ta kuma killace abin da ya rage na tsohon gari tun kafin mai siminti ya riga mu.