Yaran Terman da Gwanaye Biyu da Aka Tsallake

Jama'a, duk wanda ya bibiyi tarihin rubuce-rubucen masana a kan yara masu baiwa, dole ya ci karo da Lewis Terman, masanin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Stanford a Amurka. Ni dai labarinsa ne na ga ya dace in kawo muku yau.

A 1916 Terman ya gyara jarrabawar auna basira da Alfred Binet ya ƙirƙiro a Faransa. A 1921 kuma ya shiga makarantun jihar Kaliforniya yana neman yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, har ya tara kimanin 1,500. A lokacin mutane da dama sun ɗauka yaro mai basira sosai rarrauna ne, ba ya ƙarko. Littafin farko na binciken, wanda ya fito a 1925, ya nuna galibin yaran lafiyarsu ƙalau. Aka ci gaba da bin rayuwarsu har tsufansu.

To amma akwai lauje cikin naɗi. Yawanci malamai ne suka fara nuna yaran da za a gwada, don haka akasarinsu suka kasance farar fata 'ya'yan masu hali. Shi kansa Terman yakan rubuta musu takardun shaida don su sami makaranta ko aiki, ka ga kuwa ya sa hannu cikin abin da yake aunawa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, an gwada wasu yara biyu aka ce makinsu bai kai ba. William Shockley ya ci kyautar Nobel a 1956, shekarar da Terman ya rasu. Luis Alvarez kuma ya ci tasa a 1968. Cikin zaɓaɓɓun kuwa babu ko ɗaya da ya ci ta.

A 1968 ɗin ne Melita Oden ta kwatanta maza 100 da suka fi cin nasara cikinsu da 100 da suka fi komawa baya. Makin basirarsu bai bambanta sosai ba. Naci da irin gidan da suka tashi ne suka raba su. Daga baya, a 1978, Joseph Renzulli ya ce baiwa sai an haɗa basira da naci da ƙirƙira.

Don haka, iyaye da malamai, kafin ku yanke wa yaro hukunci da makin rana ɗaya, ku tuna ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Allah Ya raya mana zuriya.