TARIHIN GIYAR "RABIN TAKI": ME YA SA SABON DIRELA BA YA ZAMA A KAN TSOHON KEKE?

Yau za mu ɗan ajiye waya a gefe mu leƙa keke, don shi ma fasaha ce, kuma akwai wani darasi a tarihin giyarsa da duk mai gyara zai gane: ba kullum sabon kaya ke dacewa da tsohon tsari ba.

Mu fara da sunaye. A keke mai giya, ƙarfen da ke ture sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan shi ake kira direla, kalmar daga Faransanci ta fito. Akwai na baya wajen taya, akwai na gaba wajen feda. Na gaban wani ɗan keji ne mai bango biyu, na waje da na ciki, sarƙa na bi ta tsakaninsu. Faifan haƙoran da ke jikin feda kuma za mu kira su faranti. A kan na gaban nan maganarmu take.

A Faransa aka raini wannan fasaha. Wani mutumin Saint-Étienne mai suna Paul de Vivie, wanda aka fi sani da Vélocio, ya yi shekaru yana tallata keke mai giya da yawa ga masu yawon duwatsu, har ya rasu a 1930. Amma masu shirya tsere sun daɗe suna ƙi. A gasar Tour de France sai a 1937 aka yarda kowa ya sa direla. Kafin nan, idan ɗan tsere ya zo hawan dutse, sauka yake ya kwance tayar baya ya juya ta, saboda kowane gefe da girman haƙorinsa.

Da aka fara sa faranti biyu a gaba, direlan farko ba shi da igiya ma. Irin wanda kamfanin Simplex na garin Dijon ya yi a shekarun 1940 da 1950, sanda ce kawai a jikin firam, sai ka sunkuya ka kai hannu tsakanin ƙafafunka ka murɗa ta, kana cikin gudu fa. Kuma ba ya iya ɗaga sarƙa ta yi tsalle mai nisa. Shi ya sa kekunan tsere na lokacin za ka ga farantansu kusan kai ɗaya, kamar mai haƙora 50 da mai 47. A baya kuma haƙora jeri huɗu ne ko biyar. Daga wannan ƙarancin ne dabarar da Turawa suka sa wa suna "rabin taki" ta fito.

Bari mu yi lissafin, a nan daɗin yake. Ɗauki jerin baya mai biyar da ya shahara a da: 14, 17, 20, 24, 28. Daga kowane zuwa na kusa da shi, nauyin feda na canzawa da kusan kashi 20 cikin 100. Wannan tsalle ne babba. Mai doguwar tafiya da kaya zai ji wannan giyar ta yi masa nauyi, ta gaba kuma ta yi sakwaf. To sai a sa faranti 50 da 45 a gaba, bambancinsu kusan kashi 11 cikin 100, wato rabin takin baya ke nan. Idan ka raba haƙoran gaba da na baya, za ka samu sau nawa taya ke juyawa a zagayen feda ɗaya: 3.57, 3.21, 2.94, 2.65, 2.50, 2.25, 2.08, 1.88, 1.79, 1.61. Giya goma cif, kowace da aikinta. Yanzu gwada faranti 52 da 42 a kan jerin nan dai. 52 da 17 zai ba ka 3.06, 42 da 14 zai ba ka 3.00. Abu ɗaya ne. Haka 52 da 24, da 42 da 20. An sayar maka da giya goma, amma a ƙafa takwas kake ji.

Matsalar rabin taki ita ce ba ya da giya mai sauƙi sosai ta hawan tudu. Sai masu yawon keke suka ƙara faranti na uku ƙarami, mai haƙora 28 ko ƙasa da haka, suka yi masa laƙabi da giyar kaka, wai ko tsohuwa za ta iya hawa dutse da ita. Wannan tsari ya yi tashe a Amurka a shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980, lokacin da yawon keke ya zama yayi, musamman bayan tafiyar Bikecentennial ta 1976 da dubban mutane suka shiga, wasu suka ratsa ƙasar daga wannan teku zuwa wancan. Wani injiniya, Frank Berto, ya yi ta rubutu a mujallar Bicycling yana koya wa mutane lissafin giya, daga baya ya rubuta littafin tarihin direla mai suna The Dancing Chain. Har kamfani irin Trek ya riƙa fitar da kekunansa na doguwar tafiya da wannan tsari tun daga masana'anta.

Me ya kashe shi? Haƙoran baya ne suka ƙaru, daga biyar zuwa shida, bakwai, takwas, tsallen da ke tsakaninsu ya ragu, babu sauran giɓin da za a cike. Sannan a tsakiyar shekarun 1980 Shimano ta kawo libar da ke yin ƙas-ƙas, kowane dannawa giya ɗaya a baya. Wa zai tsaya canza gaba da baya a lokaci guda bayan yatsa ɗaya ya isa? Gaskiya rabin taki na son mai haƙuri, wasu har takardar lissafin giya suke mannawa a kan hannun keke. Ga kuma keken hawan dutse ya shigo da farantai masu tazarar haƙora 10 ko 12. Sai kamfanoni suka sake ƙera direlan gaba don wannan tazarar: suka zurfafa bangon ciki ya sauko ƙasa sosai, don ya iya tallabo sarƙa daga ƙaramin faranti.

To a nan mai tsohon keke ke shiga uku. Tsawon kowace gaɓar sarƙa milimita 12.7 ne, saboda haka duk haƙori ɗaya da aka ƙara, bakin faranti na ƙara tsayi da kusan milimita 2. Tazarar haƙora 10 na nufin na tsakiya ya fi babban gajarta da milimita 20, akwai fili. A rabin taki tazarar 5 ce, milimita 10 kacal. Ƙa'ida kuma ita ce bangon waje ya zauna milimita 1 zuwa 3 a saman haƙoran babban faranti. Ka ɗaura sabon direlan faranti uku a wannan tsayin, ka ja liba zuwa babba, sai zurfaffen bangon cikin nan ya daki haƙoran na tsakiya ya tsaya cak. Mu masu gyaran waya mun san irin wannan: sikirin ya yi kama, girman ɗaya, amma soket ɗin ya ƙi shiga.

Wasu sai su ɗaga direlan sama don ya tsallake. Zai tsallake, amma canjin zai lalace, sarƙa ta riƙa zubewa ta waje, ni dai ban ba da wannan shawarar ba. Abin da ya fi shi ne a nemi direlan da aka yi wa faranti biyu, mai bangon ciki marar zurfi, irin tsofaffin SunTour da Campagnolo da Shimano na wancan zamani. Abin mamaki, mai arhar da kowa ya raina shi ne daidai. Sai dai idan akwai giyar kaka, a duba abu biyu: ya iya komawa ciki har kan ƙaramin farantin, kuma wutsiyar kejin ta sauko yadda sarƙa ba za ta riƙa goga ta ba. Idan tana gogawa ne kawai lokacin da kake kan kaka da ƙananan haƙoran baya, ba komai, dama ba a haɗa su. Liba kuma a bar ta tsohuwar, wadda ba ta ƙas-ƙas, don ita ce ke ba ka damar gyara zaman kejin kaɗan-kaɗan da hannu. Kar a manta da kaurin bututun firam: tsofaffin kekunan ƙarfe yawanci milimita 28.6 ne, na baya-bayan nan 31.8 ko 34.9.

A cikin kekunan gwanjo da ake shigo mana da su, wani lokaci akan ci karo da irin wannan. Alamarsa a fili take: manyan farantai biyu kamar tagwaye, da ɗan ƙarami a ɓoye ta ciki. Idan ka samu, ƙirga haƙoran kafin ka je kasuwa, kuma kar ka bari a cire maka direlan da ya zo da shi a jefar don ya yi tsatsa. Sau da yawa kananzir da buroshi da ɗigon mai sun ishe shi. Wanda ke da irin keken nan ya ajiye mana hoton farantansa a ƙasa, mu ƙirga tare.