Gādon da bc ke karɓa daga muhalli

Duk wanda ya buɗe bc karon farko ya rubuta 10/3, amsar da zai gani ita ce 3, babu ɗigo, babu komai a bayanta. Ba kuskure ba ne. Wannan kalkuleta ta layin umarni, da ta fito daga Bell Labs a 1975 ta hannun Lorinda Cherry da Robert Morris, tana tashi ne da scale a kan sifili, wato yawan lambobin da ke biyo bayan ɗigo. Sai an haɗa mata da -l take ɗaga shi zuwa 20.

Bugun GNU, wanda Philip Nelson ya rubuta, ba shi da wani fayil na saiti da yake nema da kansa. Saitunan muhalli yake dubawa, wato sunaye masu ɗauke da ƙima da Bash da ire-irensa ke miƙa wa duk manhajar da suka tayar. POSIXLY_CORRECT na tsare ta a kan ƙa'idar POSIX zalla. BC_LINE_LENGTH kuwa na kula da tsawon layi, wanda asalinsa 70 ne. Shi ya sa 2^300, mai lambobi 91, ke fitowa a karye gida biyu da alamar \ a ƙarshen layin farko. A sababbin bugu, sanya shi 0 na hana wannan karyewa.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne BC_ENV_ARGS. Abin da aka zuba a cikinsa bc na karanta shi kafin abin da mutum ya buga da hannunsa, don haka da yawa kan rubuta export BC_ENV_ARGS="-lq $HOME/.bcrc" a cikin .bashrc su huta. A lura, $HOME ake sawa. Alamar ~ a tsakanin alamun zance ba ta warwarewa, sai bc ta ce ba ta ga fayil ɗin ba.

Sai dai wannan hutu yana da bashi. Saitin muhalli gādo ne: duk shirin da aka tayar daga tagar Bash ɗin yana ɗauke da shi, har jerin umarnin da wani ya rubuta shekarun baya yana zaton scale sifili ne. Ga misali a kusa. A bc, 10%3 na ba da 1. Da zarar scale ya zama 20, sai a fara raba 10 da 3 zuwa gurbi 20, a ninka da 3, a ɗebe daga 10, amsa ta fito .00000000000000000001. Shirin da ke dogaro da saura don gane lamba mai rabuwa zai ci gaba da aiki shiru, yana fitar da ƙarya, ba tare da wani gargaɗi ba. Abin ya fi wuyar ganewa idan cron, mai tayar da shirye-shirye a lokacin da aka tsara, ne ke tayar da shi da dare, domin cron ba ya karanta .bashrc: shiri ɗaya, kwamfuta ɗaya, amsa biyu.

A ganina -q, mai ɓoye saƙon maraba, da tsawon layi za su iya zama a muhalli, tunda ba sa taɓa lissafi. Amma -l wurinsa alias ne, domin Bash ba ya warware alias a cikin rubutaccen shiri sai an umarce shi. Mai rubuta shiri kuma ya fara da scale=0 ko scale=2 a fili kafin layin lissafinsa na farko.